Tururuwa da Darɓa a Gonakin Kura da Bunkure: A Duba Kafin a Ɗauki Injin Feshi

Duk wanda ya ratsa gonakin waken rani a ƙasar Bunkure cikin watan Maris, ya sunkuya ya duba kan tsiro ɗaya, da wuya bai ga layin tururuwa ba, wasu na hawa wasu na sauka. Idan ya bi layin da ido har zuwa ƙarshen reshe, inda ganye ke da taushi, zai tarar da waɗansu 'yan ƙananan ƙwari baƙaƙe sun yi cincirindo, sun manne wa kara kamar an barbaɗa gawayi. Su ne manoma ke kira darɓa, sunan da ake kuma kiran ruwan nan mai danƙo da suke bari a kan ganye. Abin da manomi ya saba yi idan ya ga haka sananne ne: ya nufi kasuwar Kura ko ta Bunkure ya sayo magani, ya goya injin feshi, ya yi wa gonar wanka tun daga wannan kunya har waccan. Ra'ayina shi ne, a mafi yawan lokuta wannan gaggawa ce, kuma gaggawar tana jawo asarar kuɗi da ta amfanin gona. Dalilin da ya sa na faɗi haka yana cikin abin da ke gudana tsakanin tururuwa da darɓa da shukar da suke kanta.

Da farko bari mu gyara suna. A wannan rubutu zan yi amfani da kalmar tururuwa a matsayin sunan dangi gaba ɗaya, wato har da kiyashi da cinnaka da shazumami da gwano da ƙwarƙwasa. Masana sun ba wa ire-irensu fiye da 14,000 suna, kuma wani ƙiyasi da aka buga a 2022 ya nuna cewa idan aka raba tururuwar duniya ga 'yan Adam, kowane mutum ɗaya zai tashi da kimanin miliyan biyu da rabi. Ba dukkansu ne ke hulɗa da darɓa ba. Tururuwar da ke jan ƙwayar hatsi zuwa raminta, wadda Bahaushe ya fi sani da wannan suna, abincinta tsaba ne. Masu bin darɓa su ne masu son zaƙi, kuma wanda ya raɗa wa shazumami suna ya riga masana lura da halinsa.

Ita darɓa ba ta tauna ganye. Bakinta wata siririyar allura ce da take sokawa cikin jijiyoyin da ke kai abinci daga ganye zuwa sauran sassan tsiro. Ruwan da ke cikin waɗannan jijiyoyi a matse yake, don haka da zarar allurar ta shiga, shi ke tura kansa cikin darɓar ba tare da ta wahala ba. To amma ruwan sukari ne ya yi masa yawa, sinadaran gina jiki kuwa kaɗan ne. Kafin darɓa ta tace abin da zai gina jikinta, dole ta sha ruwa mai yawan gaske, ta fitar da rarar sukarin ta bayanta ɗigo-ɗigo. Wannan rara ita ce danƙon da ke sa ganye ƙyalli. Idan ya daɗe a kan ganyen, wata baƙar funfuna kan tsiro a kansa ta rufe fuskar ganye, ta tare hasken rana da tsiron ke buƙata don haɗa abincinsa. Mai lambun lemo ko mangwaro da ya ga ganyen itatuwansa sun yi baƙi kamar bangon madafa, abin da ya same su ke nan, ko da yake a kan itatuwa galibi 'yan uwan darɓa ne ke aikin: masu farin gari a jiki kamar auduga, da masu ɓawo da ke manne wa reshe ba su motsi.

Wani abin mamaki game da darɓa shi ne yadda take yaɗuwa. A ƙasashe masu zafi irin namu, kusan dukkansu mata ne, ba su buƙatar namiji, kuma ba ƙwai suke sakawa ba, 'ya'ya suke haifa da ransu. 'Yar da aka haifa yau, cikin mako guda ko ƙasa da haka ita ma ta fara haihuwa. Ɗalibin lissafi yana iya gwada wannan a takarda ya ga yadda guda goma ke zama dubbai kafin wata ya cika. Idan wuri ya cika ko tsiron ya tsufa, sai su fara haifar masu fiffike, iska ta kwashe su zuwa wata gona.

Halitta mai taushin jiki, marar gudu, wadda ke zaune wuri ɗaya cike da sukari, ai abin farauta ce. Maƙiyanta suna da yawa a gonakinmu. Akwai ƙwaron nan mai kama da rabin ƙwayar wake, mai baya ja ko ruwan ɗorawa da zane ko ɗige baƙi, wanda shi da tsutsarsa ba su da abincin da ya wuce darɓa. Akwai tsutsar wani ƙuda mai kama da ƙudan zuma da ke tsayawa cak a iska. Akwai kuma waɗansu 'yan mitsi-mitsin dangin rina da ke soka ƙwansu cikin jikin darɓa, tsutsar ta cinye ta daga ciki, ta bar busasshen ƙoƙo mai launin ƙasa manne da ganye. Waɗannan su ne ma'aikatan da manomi ba ya biya.

A nan ne tururuwa ke shigowa. Takan zo ta shafa bayan darɓa da gashin kanta guda biyu, darɓar ta saki ɗigon zaƙi, ita kuma ta shanye ta kai gida ta ɗura wa 'yan uwanta. Tun ƙarni na 18 masanin nan na ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya kira darɓa saniyar tururuwa, kuma a 1810 Pierre Huber na Jeniba ya bayyana wannan tatsa dalla-dalla. Kamar yadda Hausawa ke cewa, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ladan da tururuwa ke ci shi ne zaƙi, askin kuwa gadi ne. Takan far wa duk ƙwaron da ya doshi garken, ta cije shi ko ta ture shi ƙasa, ta kori rinar da ta zo saka ƙwai. Kwashe danƙon da take yi yana hana funfuna ta rufe darɓar. Waɗansu ire-iren ma sukan ɗauki darɓa ko ƙwari masu farin gari a baki su kai su sabon reshe, ko su gina musu rumfa da ƙasa. Wani bincike da aka buga a Ingila a 2007 ya gano cewa sinadarin da tururuwa ke bari a sawunta yana rage wa darɓa saurin tafiya, wato makiyayin har dabaibayi yake yi wa dabbarsa.

Kada mai karatu ya ɗauka soyayya ce. Ciniki ne, kuma yana lalacewa idan riba ta ƙare. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Joachim Offenberg, ya nuna a 2001 cewa idan aka ba tururuwa ruwan sukari a gefe, sai ta rage tatsar darɓa ta koma cin namanta. Shi ma tsiron ba ɗan kallo ba ne. Wake da auduga suna da waɗansu 'yan ƙananan idanu a wajen fure da ke tsatso da zaƙi, kuma aikinsu shi ne jawo tururuwa ta riƙa sintiri a kan tsiron. Ashe shukar da kanta tana ɗaukar tururuwa aikin gadi, darɓa kuma tana saye mai gadin da irin kuɗin da ta sata daga jikin mai gida.

To, ashe tururuwa abokiyar gabar manomi ce? A wasu wurare amsar ita ce e, kuma babu dalilin ɓoye hujjojin masu wannan ra'ayi. A ƙasar Gana, cutar kumburin reshe da ta sa aka sare miliyoyin itatuwan koko, ƙwari masu farin gari ne ke yaɗa ta, tururuwar da ake kira Crematogaster kuwa ita ke kiwon su. Haka kuma lokacin da wani ƙwaro mai farin gari daga Kudancin Amurka ya shigo Afirka a farkon shekarun 1970 ya nemi ƙarar da rogo, Cibiyar IITA ta Ibadan, ƙarƙashin jagorancin Hans Herren, ta shigo da wata 'yar rina daga ƙasar Faragwai ta sake ta a 1981, aka ci nasarar da ta sa Herren ya karɓi Lambar Abinci ta Duniya a 1995. Amma binciken da aka buga a 1993 daga gonakin Gana ya nuna cewa inda tururuwa ke gadin ƙwaron, rinar ba ta samun yin aikinta sosai.

Mu a nan Kano ba sai an je da nisa ba wajen sanin illar darɓa. Baƙar darɓar da ke kan wake, wadda masana ke kira Aphis craccivora, ita ce dai ke ɗauke da ƙwayar cutar kuturtar gyaɗa. A 1975 wannan cuta ta lalata kimanin hekta 700,000 na gyaɗa a Arewacin Nijeriya, asarar da aka ƙiyasta ta kai dala miliyan 250. Ta zo ne a bayan farin 1972 da 1973, kuma tana cikin abubuwan da suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa a birnin Kano. Wanda iyayensa suka ga wannan shekara, ba za a zarge shi ba idan gabansa ya faɗi da ganin darɓa.

Yanayin yankin Kura da Bunkure da Garun Malam ya ƙara wa maganar nauyi. Kafin a kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, rani kan zo ya ƙone kusan duk wani ɗanyen ganye in ban da na fadama, ƙwari masu tsotso su ragu ƙwarai kafin damina. Yau ruwan Tiga yana bin magudanai zuwa dubban hekta na Aikin Noman Rani na Kogin Kano, wanda aka tsara kashinsa na farko a kan hekta 22,000. Shinkafa na fita, alkama da tumatir da albasa da masara na shiga, wake na biye. Waken rani ma da kansa ya bazu a ƙasar Bunkure ne daga 1993, lokacin da wani iri na IITA ya riƙa wucewa daga hannun manomi zuwa hannun maƙwabcinsa. Wannan alheri ne babba, sai dai darɓa da farin ƙuda su ma sun sami gadar da za su taka daga wannan damina zuwa waccan. Abin da ake mantawa shi ne, maƙiyansu ma sun sami gadar, muddin ba a kashe su a kanta ba.

Duk da haka, hukuncin da ake yanke wa tururuwa bai cika ba sai an saurari ɗaya ɓangaren. Tururuwar da ke gadin darɓa ba ta tantance wanda za ta kora. Tsutsa mai cin ganye, da ƙwaron da ya zo huda kwanso, da malam-buɗe-littafin da ya sauka zai saka ƙwai, duk takan far musu, wasu ma ta ja su zuwa rami. A 2007 masana biyu a Amurka, Styrsky da Eubanks, suka tattara bincike 30 da aka yi kan tasirin wannan ƙawance a kan tsirrai, suka tarar a kashi 73 cikin ɗari tsiron riba ya ci, domin ɓarnar da tururuwa ta hana ta fi wadda darɓa ta yi. A 2022 wani ayarin masana ya sake tattara bincike 52 a kan amfanin gona iri 17, sakamakon ya nuna cewa kasancewar tururuwa yana ƙara yawan ƙwari masu fitar da zaƙi, amma yana rage sauran ƙwari, yana rage lalacewar tsiro, yana kuma ƙara yabanya. Manoman lemo a kudancin ƙasar Sin sun san haka tuntuni: wani littafi na shekara ta 304 ya ambaci yadda ake sayar da sheƙar tururuwa a kasuwa don a rataya a itacen lemo. A lambunan mangwaro na Jamhuriyar Benin an nuna a 2007 cewa itatuwan da jar tururuwa mai ɗinka ganye ta yi yawa a kansu, ƙudan da ke sa wa mangwaro tsutsa bai cika yi musu ɓarna ba, alhali ita ma wannan tururuwa tana kiwon ƙwari masu ɓawo.

Idan aka haɗa waɗannan hujjoji, abin da ke fitowa shi ne lissafi, kuma lissafin yana canzawa daga gona zuwa gona. Tambayoyin da suka dace su ne: wace shuka ce, shekarunta ko kwanakinta nawa, shin ƙwaron yana ɗauke da cuta, kuma wane maƙiyi ne ya fi yi wa wannan shuka barazana? Waken da bai wuce mako uku ba, darɓa tana iya tsumburar da shi ko ta kashe shi, don haka a wannan mataki ƙawancenta da tururuwa asara ce tsantsa. Waken da ya fara fure kuwa, manyan maƙiyansa su ne ƙwarin fure da tsutsar Maruca mai huda kwanso, kuma 'yar darɓa kaɗan a ƙarshen reshe wadda ke riƙe da tururuwa a kan tsiron ba lalle ba ne ta zama abin tashin hankali. A gonar gyaɗa, inda darɓa guda mai fiffike ke iya kawo kuturta, ba a jiran ta yi yawa. Amma a can ɗin ma tun shekarun 1960 binciken Samaru ya nuna cewa shuka da wuri da matse tazara suna rage cutar, kuma cibiyar ta fitar da ire-iren gyaɗa na SAMNUT masu jure mata. Waɗannan sun fi feshi araha.

Babbar hujjata a kan feshin gaggawa ita ce abin da ke biyo bayansa. Magungunan da suka fi yawa a kasuwanninmu ba su bambanta mai ci da wanda ake ci. Suna kashe darɓar da ke fili, su bar wadda ta ɓuya cikin nannaɗaɗɗen ganye, su kuma share maƙiyanta kakaf. Darɓar da ta tsira tana mayar da adadinta cikin kwanaki, maƙiyanta kuwa sai sun yi makonni. Tururuwa ma, da yake gidanta na ƙarƙashin ƙasa, 'yan aikin da ke waje ne kawai ke mutuwa, gobe wasu su fito su ci gaba da kiwo a filin da babu sauran mai kawo hari. Manomi ya ga darɓa ta dawo fiye da da, sai ya ce maganin jabu ne, ya ƙara yawan murfin da yake zubawa. Ta haka ake tace ƙwarin da magani ba ya kashewa, su ne ke haihuwa. Ƙasar Indunusiya ta sha wannan darasi a gonakin shinkafa. Wani ɗan ƙwaro mai tsotson ruwan kara ya zama annoba bayan feshi ya ƙarar da gizo-gizo da sauran masu cin sa, har a 1986 shugaban ƙasar ya haramta amfani da magunguna 57 a kan shinkafa, aka kuma buɗe makarantun manoma a cikin gona inda ake koya musu ƙirga ƙwari kafin su yanke shawara. Kura garin shinkafa ne, labarin nan bai kamata ya wuce mu ba. Manoman tumatir na Kadawa kuma sun gani da idonsu a 2016, lokacin da tsutsar da suka raɗa wa suna sharon ta cinye gonaki, cewa yawan feshi ba ya nufin an kashe ƙwaro.

Na san abin da manomi zai ce: wanda ya ci bashi ya sayi taki da iri, ba shi da zuciyar tsayawa kallon ƙwari suna cin juna. Maganarsa gaskiya ce, kuma ba cewa nake a jefar da injin feshi ba. Cewa nake a mayar da tururuwa 'yar rahoto. Layinta shi ne alama ta farko, tun kafin ganye ya nannaɗe, cewa darɓa ta sauka, kuma yana kai mutum daidai inda take. Sau da yawa a farkon lamari tsirrai kaɗan ne a gefen gona ke ɗauke da ita. Ana iya tsinke kan reshen, ko a fesa ruwan sabulu ko na 'ya'yan darbejiya a wannan wuri kaɗai. Idan aka ga ƙoƙunan nan masu launin ƙasa da tsutsotsin masu cin darɓa a cikin garken, a ba su kwana uku ko huɗu a sake dubawa. A lambun lemo da mangwaro da gwaiba, datse rassan da ke taɓa ƙasa, da ɗaura ƙyalle ko leda a gindin itace a shafa mata man girishi, yana yanke wa tururuwa hanya idan ƙwari masu farin gari sun yi yawa, maƙiyansu su sami shiga. A kula kada man ya taɓa ɓawon itacen kai tsaye. Sannan a rage zuba takin yuriya fiye da kima, domin ganye mai taushi da ya ƙoshi da shi, shi darɓa ta fi so.

Ga malaman kimiyya na makarantun sakandare da ke Kura da Bunkure da Garun Malam, ina ganin kuskure ne a koyar da darasin zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka tsakanin halittu da zanen allo kawai, alhali misalinsa na bayan katangar makaranta. Gwajin ba ya buƙatar ɗakin bincike. A shuka wake a tukwane ashirin, a jira darɓa ta sauka ko a ɗauko ta da gashin kaza a sa adadi ɗaya a kowane tsiro. Tukwane goma a ɗora su a kan bulo cikin faranti mai ruwa yadda tururuwa ba za ta hau ba, goma a bar su a ƙasa, a cakuɗa jerinsu don kada rana ko inuwa ta fifita wani ɓangare. Duk bayan kwana biyu ɗalibai su ƙirga darɓa, da masu cin ta, da ganyen da tsutsa ta huda, a ƙarshe su ƙirga kwanso su auna tsaba. Su kuma kama samfurin tururuwar su tambayi dattawan gari sunanta, domin ba kowane iri ne ke gadi da ƙarfi ɗaya ba. Idan makarantu biyar suka yi haka rani biyu a jere, suka kai sakamakonsu tashar binciken noman rani ta Kadawa da ke ƙarƙashin Cibiyar Samaru, ko Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Bayero, za a sami alƙaluman da aka auna a kan ƙasarmu da irin wakenmu da tururuwarmu, waɗanda malamin gona zai iya riƙewa a hannu lokacin da manomi ya tambaye shi ko ya yi feshi yau ko ya dakata zuwa jibi.